Ranar da Kwamfuta Ta Jiƙa Mini Wando a Gaban Suruka

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, ko na so mantawa mutanen tasha ba za su bar ni ba. Kuma har yau in na tuna, ba kunya ce take fara zo mini ba, haushi ne.

Ina da ɗan shago a Birnin Gwari, bayan tasha, inda nake ɗaukar murya: tallan masu taki da maganin feshi, sanarwar ɗaurin aure, wani lokaci karatun malamai. Shagon ƙarami ne sosai, in mutum uku suka zauna sai gwiwa ta taɓa gwiwa. Shi ya sa kwamfutata ma ƙarama ce, akwatinta bai fi kwalin takalmi ba, tana kan tebur kusa da makirifo. Matsalarta ɗaya, fanka. Da zarar rana ta ɗaga, kwanon rufi ya ɗauki zafi, sai ta fara kuka kamar injin niƙa, kuma duk wannan kukan makirifo yake kwashewa.

Abin da ya ƙure ni, wani mai sayar da taki daga Kusasu ne. Ya dawo mini da aikin da na yi masa, ya tsaya a bakin ƙofa, a gaban masu shayi, ya ce, "Malam, talla na ce ka yi mini. Ban ce ka ɗauko mini markaɗe ba." Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na koma ciki na harari kwamfutar, na rantse sai na rufe mata baki.

A nan na fara shirin sanyaya ta da ruwa. Abin a baki ba shi da wuya: ƙaramin famfo yana tura ruwa cikin tiyo, ruwan ya bi ta kan ƙwaƙwalwar kwamfuta ya kwashi zafi, ya kai shi ɗan lagireto irin na mota, fanka mai juyawa a hankali ta huce shi, ya sake zagayowa. Shiru kake ji. Duk ranar da aka samu sabis sai in hau kallon bidiyon masu haɗawa. Na aro tef ɗin awo wajen telan da ke maƙwabtaka da ni, na auna cikin akwatin sama da ƙasa, na san inda lagireto zai kwanta, inda ɗan tankin ruwa zai tsaya, inda tiyo zai lanƙwasa ba tare da ya karye ba. (A lokacin, in ka gaishe ni, sai na yi maka bayanin lagireto kafin in amsa.)

Na yi odar kayan daga wani shago a Kaduna. Wanda ya san hanyarmu ya san ba kullum direba ke yarda ya ratsa dajin nan ba, don haka na daɗe ina jira. Da kayan suka iso, na buɗe da rawar jiki, sai na tarar mahaɗan da ke riƙe bakin tiyo sun yi wa tiyon girma. Tiyo yana shiga yana fita kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Na kira mai shagon a waya, raina a ɓace. Ka san abin da ya ce mini? "Ranka ya daɗe, ka ɗan matse shi, ai duk ɗaya ne." Duk ɗaya ne! Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, ya kashe waya. In mayar kuma, wa zan ce ya bi wannan hanya saboda 'yan ƙarafan da ba su cika tafin hannu ba?

Sai haushi ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa. Na matse bakin kowane tiyo da zaren waya, na naɗe da robar tayar keke. Na zuba ruwan batir, wanda ba shi da gishiri. Da na duba sai na ga abin bai yi kyau kamar na bidiyo ba, nasu ruwan mai launi ne. Na je wajen mai sayar da kayan haɗa kek na sayo kalar abinci. Ruwan ɗorawa na zaɓa, wai don ya yi kama da zinariya. (Kada ka ce komai. Na sani.)

Masu bidiyon duk sun ce a bar famfo ya yi ta zagaya ruwa shi kaɗai tsawon yini, a shimfiɗa takarda a ƙasa a ga ko yana yoyo. Ban yi ba, domin washegari ina da manyan baƙi. Hajiya Ladi, shugabar ƙungiyar mata manoma, za ta zo ta ɗauki sanarwar rabon iri ga matan Gayam da Saminaka, wadda za a sa a lasifika ranar kasuwa. Hajiya Ladi kuwa ita ce mahaifiyar Maryam, yarinyar da manyana suka riga suka kai gaisuwar neman aurenta. Ban taɓa zama da ita na minti biyar ba, gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe. Na sa farar shaddata sabuwa.

Ta zo da sakatariyarsu, Madam Rahila, wata Bagwariya mai yawan raha. Na durƙusa na gaishe su, na kunna kwamfuta. Shiru. Wallahi har ƙwalla ta kusa zo mini. Bakina ya kasa haƙuri, na ce, "Hajiya, kin ji wani ƙara?"

Ta ce, "A'a, ɗan nan."

Na ce, "Ruwa ne ke sanyaya ta. Ni na haɗa da hannuna. Duk garin nan babu irinta."

Madam Rahila ta ce, "Lallai Maryam ta yi dace."

Hajiya ta fara karanta sanarwa, ni ina zaune bayan tebur, abin ji a kunne. Tana tsakiyar bayanin wuraren da mata za su taru, sai na ji wani ɗumi a cinyata. Na saci kallo ƙasa. Robar ta saki, ruwa yana bin tebur (teburin dama ya karkata ta wajena), yana ɗiga daga baki, daidai tsakiyar wandona. Ruwan ɗorawa. Mai ɗumi. A kan farar shadda.

Mai hankali zai ce a dakata. Ni na ce a raina bari ta gama tukuna, wataƙila ya bushe. Na matsa ciki da kujera, na ja rigata na rufe. Tanki ya fara yin ƙasa, famfo ya fara jan iska, sai ga wani sauti, ƙululu, ƙululu, sak kukan cikin wanda ya sha fura mai tsami. Hajiya ta ɗan tsaya, ta dube ni, ta kawar da kai, ta ci gaba. Ban ankara ba fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ta mutu.

Tsoro ya kama ni kada ruwa ya taɓa wuta. Na miƙe zumbur na fizge soket. Na miƙe, jama'a. A gabansu.

Shagon ya yi tsit, irin shirun da na daɗe ina nema. Madam Rahila ta kalli wandona, ta kalli ɗan tafkin da ya taru ƙarƙashin kujera, ta toshe baki da gefen ɗankwali. Hajiya ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Hajiya, wallahi ba ni ba ne. Kwamfuta ce."

Madam Rahila ta ce, muryarta na rawa, "Kwamfuta ce ta yi?"

"Ita ce! Ruwanta ne!"

Hajiya, ba ta ɗago ba, ta ce a hankali, "Ba komai, ɗan nan. Lalura ce, kowa da tasa. Allah ya ba da lafiya."

Wannan tausayin shi ya tunzura ni. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗaga murya, a gaban matar da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba, ina cewa wani azzalumi ne a Kaduna ya turo mini kayan banza. Na dangwala yatsa a ruwan ƙasa na miƙa musu, ina cewa, "Ku shinshina! Ku shinshina ku ji!" Madam Rahila ta yi waje da gudu, dariya ta ci ƙarfinta a bakin ƙofa. Hajiya ta gyara mayafi, ta ce za su dawo in na samu sauƙi. Na biyo su har waje ina rantsuwa, na manta da halin da wandona yake ciki, ga masu shayi a zaune.

Kwamfutar ba ta ƙone ba, Allah ya taimake ni, ta waje ruwan ya bi. Na shanya ta, na mayar da tsohuwar fanka, na je har gida na ɗauki sanarwar a zauren Hajiya, kaina a ƙasa. Da zan tafi Maryam ta biyo ni da wani ƙullin garin magani a leda, tana danne dariya, ta ce, "In ji Inna, a kunu ake sha, safe da yamma." Na yi mata bayani tun daga famfo har lagireto. Ta ce ita ta yarda, amma Inna ta ce maza haka suke, ba sa son a sani.

An ɗaura auren. Daga baya na samu mahaɗan da suka dace, na gwada su yini guda ƙofa a kulle, yanzu kwamfutar tana aiki lafiya. Amma har gobe in na je gaida Hajiya, bayan ta tambayi aiki sai ta rage murya ta ce, "Ya jikin kuma?" Ni kuma in haɗiye haushi in ce da sauƙi.

Abin da na koya, in rai ya ɓaci kada ka ɗaura tiyo, kuma kada ka gwada sabon abu a gaban suruka. In kuwa lallai sai ka sa wa ruwan kala, ɗan'uwa, ka sa shuɗi. Babu wanda zai zarge ka da shuɗi.