Minti Huɗu a Damagaram

Ko da tsufa zai ɗauke mini komai, ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka sake buɗe bodar Maigatari ba, domin a cikinta ne na ɗauki kunyata a mota na kai ta wata ƙasa.

Ni malamin Islamiyya ne a Gumel, kuma nakan rubuta waƙa da ajami yadda na koya a zauren mahaifina. A shekarar aka shirya gasar waƙa ta yaran ƙasashen Afirka ta Yamma a Damagaram. Cikin ikon Allah 'yan matan makarantarmu shida suka ci zagayen gida, aka ce su za su wakilci Najeriya. Ni aka ɗora wa rubuta sabuwar waƙa kan zumuncin maƙwabta, Malama Hajara kuma, mai koyar da ƙananan azuzuwa, ita ce mai sa mata kari ta koya wa yaran.

Takardar gasa ta ce minti huɗu. Mu kuwa waƙa tana da tsari a wurinmu: sunan Allah, salati ga Manzo, alaye da sahabbai, godiya ga malamai, sannan a shiga magana, can ƙarshe mai waƙa ya faɗi sunansa. Na zuba baiti talatin.

Malama ta auna da agogon wayarta ta ce, "Malam, minti tara fa ke nan. Sai an rage."

Na ce, "A ina za a rage, Malama? A salatin?" (Na san da wannan zan rufe mata baki.)

"Subhanallahi, ni ban ce ba. Amma malamanka bakwai, kowa da baitinsa, har da wanda ka yi wata biyu a wurinsa a Gagarawa?"

Na ce babu alƙalin da zai katse yara suna tsakiyar yabo. A baki ke nan. A zuci kuwa na ji tsoron kada a yanke ƙarshen, sai na lallaɓa na ɗauko baitin sunana daga can ƙasa na dawo da shi bayan na malamai. (Allah na tuba.)

A cikin yaran akwai Zulai, 'yar shekara goma sha ɗaya, daga wata ruga kusa da Sule Tankarkar, tana zaune wurin gwaggonta don karatu. Muryarta ce ta kai mu gasar, kuma baitin da ke buɗe maganar zumuncin nata ne ita kaɗai. Da ƙyar kakanta ya amince, ya ce sau ɗaya tak, kuma sai da shi za a tafi ya ji da kunnensa.

Ranar gasa yaran sauran ƙasashe suna hawa suke faɗawa cikin waƙarsu. Namu suka hau da fararen hijabai, suka yi bismilla, suka yi salati, suka bi malamaina ɗaya bayan ɗaya. Suna gama rera sunana da na mahaifina da na unguwarmu, Zulai ta tako gaba, ta ja numfashi, sai ƙararrawa. Aka kashe lasifika bakinta a buɗe.

Mai gabatarwa ya yi Faransanci, sannan ya juya Hausa: "To, Najeriya mun gode! Mun san wanda ya rubuta waƙar da inda gidansa yake, saura mu ji waƙar."

Zauren ya ɗauki dariya. Kakan Zulai da ke gefena bai yi ba. Ya juyo ya ce, "Malam, ni ban ji jikata ba. Ko kunnena ne?"

Mu muka zo na ƙarshe. Da muka dawo shugaban makaranta ya tambaye ni, sai na ce Malama ce ta ja karin ya yi tsawo. Aka cire ta daga harkar waƙa. Kullum takan gaishe ni, "Malam, ina kwana," ni kuwa in amsa ina kallon takalmina.

Bana aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta su Zulai, aka ba ni lasifika in yi nasiha. Maimakon nasiha, na faɗi abin da na yi a gaban iyaye da malamai, na roƙi Malama gafara.

Ta ce, "Na yafe, Malam, tun a ranar. Amma da ka faɗa da wuri, da gaisuwa ba ta yi maka nauyi ba."

Na ji sanyi, har na miƙa wa Zulai lasifikar na ce ta rera baitinta yau kowa ya ji.

Zulai ta ce, "Ban manta shi ba, Malam. Amma Kaka ya rasu bara. Wa zan yi wa?"

Tsakanina da Malama an warware. Na Zulai kuwa sai dai in yi ta yi wa tsohon addu'a. Har yanzu ina rubuta waƙa, sai dai sunana ya koma ƙasan takarda inda malamaina suka koya mini ajiye shi. In ƙararrawa za ta yanke wani, to ta yanke ni.