Wutsiyar Tabawa

A wani daji, a tsohon mazaunin da makiyaya suka tashi suka bar wa dabbobinsu, majalisar gida ta yanke hukuncin a datse wa kyanwa Tabawa farata, ita kuwa ta ce ba mai taɓa su. An yi zaman ranar Talata da hantsi a gindin tsamiya, bunsuru Jatau ne shugaba. Laifin Tabawa shi ne ta karce hancin Tunau, kwikwiyo ɗan wata huɗu, ɗan karya Gwamma.

Shekara tara Tabawa tana tsaron rumbu. Da faratan nan take kama ɓera, da su take hawa sama idan ƙasa ta yi zafi. Tun da Tunau ya yi haƙora ya mayar da ita abin wasa: ya danne ta, ya ja kunne, ya tauna ƙafa. Ta yi masa huci. Ta make shi da tafi ba farce. Sau biyu ta kai ƙara wurin uwarsa, aka ce mata yaro ne. Ranar Lahadi ya cafke wuyanta ya girgiza, ta fito da farce ɗaya.

Majalisar tana da tsohuwar ƙa'ida a kan rigimar wasa: wutsiya ake dubawa. Wanda aka ga yana kaɗa wutsiya, ya yarda da abin da ake yi masa. Awaki da tumaki da karnuka ne suka kafa ƙa'idar, kuma dukkansu sai sun ji daɗi suke kaɗawa.

Wata tinkiya ta ba da shaida cewa da idonta ta ga wutsiyar Tabawa tana kai da komo tun farkon wasan.

Gwamma ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ji dai. Tana kaɗa wutsiya, yana kaɗawa, sai kawai jini a hancin ɗana. Ita ina nata ciwon? Ta nuna mana."

Ciwon yana nan, ramuka huɗu a ƙarƙashin gashin wuya. Amma daga inda shugaba yake zaune ba a ganinsu, kuma ba al'adar shugaba ba ce ya taso.

Jatau ya shafa gemu. "Baiwar Allah, kin kaɗa ko ba ki kaɗa ba?"

"Na kaɗa," in ji Tabawa. "Mu kyanwoyi idan rai ya ɓaci muke kaɗawa. Shekara tara muna gida ɗaya, ba wanda ya taɓa tambayata. Ba na ƙin yaron nan. Abu biyu na nema: idan na ce ya isa, babba ya kira shi, kuma a bar mini wuri mai tsayi da zan huta. Yau haƙoransa kamar ƙaya suke. Zuwa kaka sun zama wuƙaƙe, kuma duk wanda bai koya masa tsayawa ba yanzu, a jikinsa zai gwada su."

"Gwaggo, ai wasa nake," in ji Tunau daga bayan uwarsa.

"Na sani, ɗana. Ba da kai nake shari'a ba."

Jatau ya ce majalisa ba za ta sauya ƙa'idar kakanni saboda wutsiya ɗaya da ke aiki a baibai ba. Ya karanta hukunci, ya ɗora wa Gwamma aiwatarwa. Tabawa ta saurara har ƙarshe, ta gyara gashin wuyanta da harshe, ta haye kan rumbu a tsalle biyu.

"Ga ni nan," ta ce daga sama. "Mai datsewa ya hawo."

An duba, ba ɗan majalisa ɗaya da ya iya hawa. Aka kafa kwamitin nemo hanyar hawa, ya zauna sau uku.

Yau sati shida hukuncin yana nan, faratan ma suna nan. Tabawa tana sauka ta yi aikinta a cikin rumbu ta koma sama. Tunau ya ninka girmansa, kuma da ya rasa abokiyar wasa sai ya koma kan shugaba. Jiya da safe an gan shi riƙe da ƙafar Jatau ta baya yana girgizawa, Jatau yana kuka yana neman agaji.

Tinkiyar da ta ba da shaida ta ce wutsiyar shugaba tana ta kaɗawa a lokacin. Har yanzu majalisa ba ta sa ranar zama a kai ba.