Hular Malam Ashafa Tana Bakin Aiki

Duk wanda ya zauna a Lafiya bai san Malam Ashafa Kawu ba, to wucewa ya yi, bai zauna ba. Shi ne marubucin littattafan yara, fitilar 'yan firamare, wanda ya raɗa wa kansa suna Uban Yara don ya hutar da jama'a wahalar nemo sunan da ya dace da shi. Haka yake da tausayin mutane. Babban akawu ne kuma a wani ofishin gwamnati, inda ake biyansa albashi duk wata saboda kwarjinin da sunansa yake ƙara wa ginin.

Na ce littattafai don shi ma haka yake cewa. A gaskiya ɗaya ne tak, Agwagwar da Ta Ƙi Wanka, wanda aka buga masa a Jos a 1980. Siririn littafi ne, ko ƙarƙashin ƙafar tebur mai rawa ka cusa shi ba zai hana shi rawa ba. Amma a bangon gaba akwai hoton Malam ya tokare haɓa da alƙalami, a bangon baya ma ga shi nan yana kallon nesa. Ita agwagwar sai ka shiga ciki za ka gamu da ita, 'yar mitsitsiya a lungun shafi.

Shekara biyu bayan haka aka gayyace shi wata firamare a Agyaragu ranar rabon kyaututtuka, ya karanta wa yara shafin farko na sabon littafinsa. A nan dole in yi masa adalci, ko da raina ba ya so: shafin ya yi daɗi. Labarin wani ɗan akuya ne da aka sayar da uwarsa ga wani mutumin garin Obi, shi kuwa ya tsinke igiya ya bi sawunta. Ya yi ta ratsa gonakin doya har ya iso bakin wani rafi da ya cika ya batse, yana jiyo kukan uwarsa a tsallake. A nan shafin ya ƙare. Yara suka ƙagu su ji ƙarshe, wata yarinya a layin gaba har da hawaye. Suka roƙe shi ya ci gaba. Malam ya ninke takardar ya zura a aljihu, ya ce manyan marubuta ba sa gaggawa, su saurare shi zangon karatu mai zuwa.

Ɗan akuyan nan ya shekara goma sha huɗu a tsaye a bakin rafi.

Kada wani ya ce lalaci ne. Malam Ashafa mutum ne mai ɗauke da kaya biyu, aiki da rubutu, kuma ya gano dabarar da ba kowane mai ilimi zai gano ba. Ya sayi huluna biyu iri ɗaya. Ɗaya ya rataye a ƙusa a bayan kujerarsa ta ofis, ya ajiye tsohon tabarau a kan fayil a buɗe, don duk wanda ya leƙo ya san Malam yana nan, ya ɗan zagaya ne. Ɗayar kuma tana gida, a kan teburin rubutu, daidai taga. Muddin hular nan tana kan tebur, matarsa Iyatu ta san doka: ba daka, ba rediyo, kuma kada a ji ko tarin yaro a tsakar gida. Uban Yara ba ya iya rubuta wa yara komai in akwai yaro a kusa. 'Ya'yansa a gidan maƙwabta suka yi wayo.

To hula tana ofis, hula tana gida, shi Malam yana ina? Yana gindin mangwaron da ke bayan tasha, a kan bencin Bubayero mai shayi, da hula ta uku a kansa. Nan ne hedikwatarsa. Daga nan yake sanar da duniya halin da yake ciki, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ka ce masa ina kwana, ka jawo wa kanka jawabi.

"Ai sai godiya," in ji shi, yana kaɗa shayi. "Ku da kuke da aiki ɗaya ba za ku gane ba. Wannan watan ofis ya sha mini kai, fayil a kan fayil, ban ko leƙa ɗan akuyana ba. Amma ku gaya wa yara yana raina. Ina nazarin zurfin ruwan."

In kuwa wanda ya zo ɗan ofishinsu ne da aka aiko nemansa, sai jawabin ya juya.

"Ka gaya wa oga, al'umma ta ɗora mini nauyi. Yaran ƙasar nan kaf ni suke jira. Fayil zai iya kwana, amma tarbiyya ba ta kwana."

Haka aiki ya riƙa kare shi daga rubutu, rubutu yana kare shi daga aiki, shi kuwa yana tsakiya yana shan inuwa. Kowane wata da labarinsa. Wani watan ribon tafireta ne ya bushe. Wani watan ya sauya wa ɗan akuyan launi daga fari zuwa ja, abin da ya ce ya girgiza ginin labarin gaba ɗaya. Akwai shekarar da ya sanar cewa ya kusa gama shafin sadaukarwa, saura littafin. Direbobin tasha sun fi kowa sanin inda aka kwana, har in mota ta lalace a hanya sai su ce ta yi ɗan akuyan Malam.

Ana nan sai ga Oktoban 1996, aka ƙirƙiro sabuwar jiha, Lafiya ta wayi gari babban birni. Ma'aikata suka riƙa sauka daga Jos mota-mota, da iyali da katifu da fayiloli ɗaure da igiya. Mutane suka fi kujeru yawa nesa ba kusa ba. Manyan jami'ai masu taye a wuya suna aiki a gindin bishiya, fayil a kan cinya, dutse a kan fayil. Wanda duk yake da tebur da kujera a cikin ɗaki ya zama abin kallo, kowa kuwa ya san za a sake rabo. Malam yana da tebur, yana da kujera mai hannu, har da fanka a saman kansa, wato a saman hularsa.

Masu ƙaunarsa suka ce ya je ya zauna a kan kujerarsa tun kafin wani ya ji daɗinta. Ya yi murmushin wanda ya san abin da ba su sani ba.

"Kujerar akawu? Sabuwar jiha ba za ta bar mutum irina a wannan ƙaramin wuri ba. Dole a buɗe sashen adabin yara, kuma ku faɗa mini, wa za su ɗauko? Ina jiran kira."

Ya ba da ɗinkin sabuwar babbar riga, ya zauna jiran kira. Rigar ta iso, kira bai iso ba. Da ya ga makonni suna wucewa, sai ya yanke shawarar ya taimaki gwamnati ya kai mata kansa.

Ya shiga ofis yana baza ƙamshin turare, ya tarar da wani baƙo zaune daram a kujerarsa yana buga tafireta. Sunansa Iorfa, ɗaya daga cikin waɗanda aka turo daga Jos. An share teburin, an cire tabarau. Hular ce kawai take nan a ƙusarta, ta yi furu-furu, gizo-gizo ya haɗa ta da bango. Malam ya miƙa hannu zai ɗauka, Iorfa ya yi wuf ya tare shi.

"Baba, kar ka taɓa wannan hula, abeg. Na marigayi ne."

"Wane marigayi?"

"Mai wannan tebur. Da muka zo mun tambaya masinja, ya ce tun da aka ɗauke shi aiki bai taɓa ganin mai hula ba. Shi ne muka gane Allah ya yi masa rasuwa. Musulmi sun yi masa addu'a, mu ma mun yi namu. An ce mutumin kirki ne, ba ya damun kowa."

Malam ya ce shi ne marigayin. Iorfa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, sai dai su je wurin madam mai rabon wuraren zama.

Madam ɗin matashiya ce, Malama Lami Salmanu, ita ma daga Jos aka dawo da ita. Malam ya gyara riga, ya buɗe jawabin da ya tanada. Ya faɗi sunansa da laƙabinsa, ya ambaci agwagwa, ya bayyana yadda ya sadaukar da ƙuruciyarsa tsakanin bautar gwamnati da bautar yara. Tun bai kai rabi ba ta ajiye biro, ta zuba masa ido.

"Baba, kai ne ka zo makarantarmu a Agyaragu?"

Fuskar Malam ta washe. Ya waiwaya ya tabbatar Iorfa yana ji.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Kin gani ko? Iri na shuka."

"Ni ce na yi kuka a layin gaba," in ji ta. Ba dariya a fuskarta, kuma ni na yarda da gaske take. "Duk farkon zango sai na tsaya a bakin ƙofar makaranta ko za ka zo. Har na gama firamare, in ruwa ya sauko da ƙarfi sai ɗan akuyan nan ya faɗo mini a rai. Baba, ya ƙetare kuwa?"

Malam ya yi gyaran murya. Bakinsa ya ɗauko amsar da ya saba, tun kafin kansa ya duba wa yake gaya wa.

"Ai ranki ya daɗe, aikin ofis ne ya hana. Kujerar nan ta cinye mini lokaci. Da zan samu sarari, da iska, da natsuwa, da tuni ya ga uwarsa."

"To ba ni zan zama sanadin raba ɗa da uwa ba," in ji Malama Lami, ta ɗauki bironta. "Iorfa ya riƙe kujerar. Kai kuma an ba ka wuri a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofa, akwai sarari, akwai iska. Tagata tana kallon wurin, kullum zan riƙa ganinka da kanka." Har ya juya zai fita ta ƙara da cewa, "Af, Baba, rafin nan da ka kwatanta mana, na hanyar gonaki. An yi masa gada tun ina sakandare. Gwamnati ma, da duk nawarta, ta riga ka."

Washegari aka ga Uban Yara a gindin dalbejiya, a kan benci, fayil a cinya, dutse a kan fayil, sabuwar babbar riga tana karɓar kashin tsuntsaye. Bai fasa ba da labarin halin da yake ciki ba. Ya shaida wa na kusa da shi cewa gwamnati ta yi wa adabi katsalandan, gadar nan ta rusa masa ginin labari, yanzu sai ya sake nazari daga tushe.

Hular kuwa ya aika a karɓo masa, ma'aikatan ofis suka roƙi a bar musu ita. Sun ce sun saba da ita, kuma a duk ginin ita kaɗai ce ba ta taɓa makara ba.