Kazar da Ta Nuna Ɓari Ɗaya

Jama'a, ranar Asabar ɗin nan na dafa kaza, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba.

Ga yadda aka yi. Maiɗakina ta zame a banɗaki ta karya hannun dama, likita ya ɗaure shi ya ce ko buta kada ta ɗauka. Da labari ya kai wa surukata, sai ta bugo waya ta ce tana nan tafe cin abincin rana. Ba ta yi mini kwana-kwana ba: in ta tarar 'yarta ba ta samun abin kirki, za ta tafi da ita gida har hannun ya warke. Ni kuwa gidan nan in babu matar nan ba gida ba ne. Ko inda safata take ban sani ba, balle a zo ga kewa, wadda ita ce ba zan iya ba. Sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Mama, ki zo kawai. Kaza guda zan dafa, da hannuna."

Da sassafe na saɓa tukunyar gas na nufi wurin sayarwa, na tarar da layi har ya sha kwana. A daren Juma'a kuwa na ji Mai Girma Shugaban Kwamitin Kawar da Layi a rediyo yana bayanin cewa babu ƙarancin gas, mutanenmu ne kawai masu son taruwa. Allah ya ƙara masa basira. Mun taru, mun gaisa, mun san 'ya'yan juna, rana ta gasa mu. Ina dab da ƙofa mai gadi ya ja ƙyaure ya ce ya ƙare.

Na dawo gida da tukunyata fayau, idona ya faɗa kan maikirowef ɗin da ƙanwar matata ta ba mu, na'urar nan mai faifan gilashi da ke juyawa a ciki, wadda tun zuwanta ba ta taɓa yin aikin da ya wuce ɗumama shayi ba. Na kuma zaro wata tukunyar tangaran mai kauri, mai murfi da kunnuwa biyu, da ke can ƙasan kabad.

Maiɗakina ta leƙo daga falo, hannu a rataye. "Ana dafa kaza a ciki, amma ka ga wannan babbar tukunyar..."

"Ki huta," na ce. "Yau kicin nawa ne."

Na wanke kaza, na shafe ta da gishiri da tafarnuwa da mai, na kwantar da ita, na rufe. Da ƙyar tukunyar ta shiga, sai da na ɗan tura da gwiwa. Na danna maɓalli. Wuta akwai, sai dai irin wutar da ake ba mu tun da Mai Girma Babban Mai Kula da Hasken Al'umma ya zo da rumfa da makaɗa ya yanke ƙyalle a gaban sabuwar transfomar unguwa. Ƙwan fitila yana ja kamar garwashi, fanka tana juyi kana iya ƙirga fukafukanta. Ba na ƙorafi, don kafin zuwansa babu wutar sam, yanzu kuwa akwai ta, aiki ne kawai ba ta yi.

Can sai na fara jin ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin na'urar. Ƙamshin tafarnuwa kuma ya jawo mini maƙwabta, don a benenmu ba a dafa abu a ɓoye. Tela ne ya fara shigowa, tef a wuya.

"Maigida, wannan ƙarar alamar lafiya ce," ya ce. "Kekena ma in ya yi shiru, nan ne nake tsorata."

Direban da ke ƙasa da mu ya biyo baya yana goge hannu. "A'a, tururi ne ke ɗaga murfin. Ka ɗora masa dutse."

"Dutse a cikin na'urar mutane?"

"To ka ƙara ruwa. Duk injin da ya yi ƙara, ruwa yake so."

Na ƙara ruwa, na ƙara lokaci. Tela ya ce a ƙara lokaci kuma, don wutar ba ta da ƙarfi. Muka tsaya mu uku, manyan magidanta, muna kallon tukunyar da ba a ganin cikinta, kowa na gyaɗa kai. Da na'urar ta yi ƙara ta tsaya, na sa tsumma na ciro, na ɗaga murfi. Ɓarin hagu ya nuna luguf, nama na sakin ƙashi. Na juya ɓarin dama, na tarar da shi jajir da sanyinsa, yadda na karɓo shi daga hannun mai kaji.

A nan na lura kunnuwan tukunyar suna daidai inda na bar su tun farko, ga kuma alamar karcewa a bangon na'urar. Ashe tukunyar ba ta juya ko sau ɗaya ba. Kunnenta ya tokare bango, faifan yana ta fama a ƙarƙashi shi kaɗai, ƙwas ɗin da muke ji ke nan.

"Abin da na so in faɗa maka ke nan," in ji maiɗakina daga bakin ƙofa. "Ko ka yanka ta ka sa a ƙaramar tukunya, ko ka riƙa buɗewa kana juyawa da hannu."

Tela ya ce shi ma abin da ya yi zargi ke nan. Direba ya ce ya tuna ya bar mota a buɗe. Na juya tukunyar, na mayar, na kai yatsa kan maɓalli, ɗif, aka ɗauke wuta. Ban gama salati ba na ji sallamar surukata a matakala.

To, jama'a, mutum ba ya zama shekara da shekaru ƙarƙashin masu girma bai koyi komai ba. Na ga yadda ake yi in babban baƙo zai ratsa titinmu: a shafa fenti a bangon da ke kallon hanya, a cike ramuka daidai inda motarsa za ta juya, sauran kuma a bar wa Allah. Na ɗora kazar a faranti, ɓarin da ya nuna yana kallon kujerar Mama, ɗanyen yana kallon bango. Na lulluɓe shi da latas da yankakken tumatir har ya fi ɗan'uwansa kyau.

Mama ta zauna, ta duba hannun 'yarta, ta duba labule, ta duba ni. Na yanko mata cinya. Ta tauna a hankali.

"Gishirin ya yi daidai," ta ce.

Wani sanyi ya ratsa zuciyata. Har na fara tunanin buɗe gidan abinci.

"Ɗaya cinyar kuma ta 'yata ce."

"Mama, ai fukafuki ta fi so."

"Ni na haife ta."

Ta sa yatsa ɗaya ta juya farantin. Ta ɗage latas. Ta caka cokali mai yatsu a gaɓar cinya, ruwa ja ya biyo.

"Mama," na ce, "wannan kashi na farko ne. Kashi na biyu yana nan tafe. Matsalar daga wuta ce, da masu gas, da wanda ya ƙera tukunyar, kuma ana kan ɗaukar matakai..." Sai na ji muryata sak irin ta cikin rediyo, kunya ta kama ni.

Maiɗakina ce ta cece ni. "Mama, tun da na karye shi ke wanki, shi ke shara, jiya har tsifar kai ya yi mini. Bai iya ba, amma bai gaji ba. Ni dai ba na son tafiya."

Mama ta daɗe tana kallona, ni kuwa ina kallon tumatir.

"Ba zan tafi da ita ba," ta ce.

Wallahi saura kaɗan in yi hawaye. Na fara jero godiya, ta ɗaga hannu.

"Ni zan zauna. Mutumin da zai rufe ɗanyen nama da ganye yana bukatar a sa masa ido. Ka aika a kawo mini kayana."

Yau da nake rubuta muku wannan, matata tana gida, ni kuma ina kwana a kujerar falo, don Mama ta karɓe wurina a gado. Mama ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan firji, ta sa na sake wanke kofunan da na riga na wanke. In akwai wani mai girma da ke shirin buɗe sabon aiki yana neman wanda zai duba masa, ina da wadda zan ba shi aro, kuma ni da kaina zan kai ta.