Lambar da Baba Ya Ɓoye a Hula

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Masu Raba wa Bankunan Duniya Lamba,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ka yi haƙuri da rubutuna. Da baki ne da ban iya ba, don ko a aji ba na ɗaga hannu.

Yayana yana walda a ƙasar waje. Zai turo kuɗin rajistata ta sakandare, kuma ranar Alhamis za a rufe. Sai aka ce masa kuɗi ba ya tsallake iyaka sai da lambar bankinmu mai harafi goma sha ɗaya. Ga kukana.

Na ɗaya. Me ya sa ma'aikacin banki ya rubuta wa Baba lambar a 'yar takarda, ya ninke ta huɗu, ya turo ta ƙarƙashin gilashi? Wa za a ba abu haka bai ɗauka sirri ba ne? Baba ya cusa ta a hula, tun ranar ko aski bai je ba.

Na biyu. Baba ya ce ɓarayi na sauraren waya. Don haka harafi biyu kawai nake karanta wa Yaya a rana, Baba ya danne sauran da babban yatsa, Umma kuma tana daka don kada maƙwabta su ji. Yau Litinin, mun kai shida. Kuɗin kuma wai sai ya kwana biyu a hanya. Ranka ya daɗe, da ƙafa yake zuwa?

Na uku. Ɗazu na raka Umma banki, sai ga lambar a manne a bango da manyan haruffa, mai gadi ya jingina da ita yana gyangyaɗi! Na kwafe ta a tafin hannu, amma wayar ta Baba ce. Umma ta ce babu ruwanta, ni na yi boko, ni zan faɗa masa. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi?

Don girman Allah ka aiko mutum yau, mai kwat da jaka. Ya gaishe da Baba, ya yaba masa riƙon amana, sannan ya ce daga sama an sassauta doka, an yarda a faɗi sauran biyar ɗin lokaci ɗaya. Kada dai ya yi zancen bango.

'Yarka mai biyayya, kai a sunkuye,
Autar mai gyaran keke