Yadda Za Ka Miƙa wa Surukinka Sirrinka da Hannunka

Idan kana son asirinka ya tonu ba tare da ka wahalar da kowa da bincike ba, ga hanya. An gwada ta a kan Zailani, malamin firamare a Kibiya, ta yi aiki tsaf. Na ba ka tabbaci kai ma ba za ta ba ka kunya ba.

1. Buɗe shafin ɓoye.
Zailani ya buɗe nasa a Fesbuk da sunan Idon Durba, yana caccakar Alhaji Sallau, shugaban ƙungiyar manoma, kan rabon taki. Kai ma zaɓi babban mutum, amma ka tabbata 'yarsa kake nema. Zailani Mu'minat yake nema, autar Alhajin. Da safe ya rubuta zagi, da yamma ya je ya durƙusa.

2. Bar wa burauza komai.
Duk sanda manhajar nan ta shiga intanet ta tambaye ka ko ta adana maka kalmar sirri, ce mata e. Kai malami ne, kanka ba rumbu ba ne.

3. Ƙi babbar kalmar sirri.
Ita ce kalma guda da ke kulle sauran, ba mai shiga ko'ina sai ya rubuta ta. Ƙanwar Zailani, Afra'u, mai koyon kwamfuta a Rano, ta roƙe shi ya sa. Ya ce gidansu ba ɓarawo, kuma ba zai riƙa neman izini wurin kayansa ba. In taka ƙanwar ta zo da wannan, tuna mata ka girme ta.

4. Nuna biyayya.
Wata rana a zaurensa Alhaji ya yi ƙorafin wayarsa ƙarama ce, ba ya ganin zagin da ake masa da kyau. Nan wurin kada ka yi shiru. Zailani ya ruga ya ɗauko kwamfutarsa, ya ajiye a gaban Alhaji, ya rantse da zai kama marar kunyar nan da sai ya ji a jikinsa. Sannan ya fita alwala.

5. Dawo da fara'a.
Burauza ta riga ta yi aikinta, ta shige shafin da kanta. Zailani ya tarar Alhaji ya gyara tabarau yana duban allon.

"Malam Zailani, zo ka karanta min, ko idona ne. Abin nan cewa yake: me kake tunani, Idon Durba?"

Zailani ya ce wataƙila matsalar sabis ce. Kai ma faɗi haka, ba ya taimakawa amma yana cike shiru.

6. Karɓi hukunci.
Alhaji bai fasa ba shi Mu'minat ba. Afra'u ya aika aka kira, ta nuna masa inda ake sa babbar kalmar, ya sa kowa ya juya baya, ya rubuta da yatsa ɗaya. Yanzu duk sanda Zailani zai shiga ko da imel ɗinsa ne, sai ya rungumi kwamfuta zuwa zaure. Kafin a buɗe masa kuma sai Idon Durba ya yabi rabon taki, Alhaji na gefe yana gyara masa jimla. Mabiyan shafin sun ce an saye shi. Ko sisi bai gani ba.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka bayan bin matakan nan, tsakaninka ne da surukinka. Ni ban san ka ba. In kuma naka surukin bai kai Alhaji Sallau haƙuri ba, kada ka biyo ta ƙofar gidana da gudu, a kulle take.