Ranar da Na Wanke wa Malam Fayafayansa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka dawo da maigidana daga asibitin Kano ba, ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina. Na ga haihuwa, na ga mutuwa, na ga shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan har mai keke ya koma mai babur. Amma in na kishingiɗa da rana, wannan yinin ne ke zuwar mini, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar jiya aka yi.

Sai na fara faɗa muku ko wace ce ni a lokacin. A unguwarmu a Kazaure babu macen da tasoshinta ke ƙyalli kamar nawa. Toka da soso da rana, su ne sirrina. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, amma in ana jeren ɗakin amarya ni ake aika wa, har daga Roni an taɓa zuwa ɗaukata. Abin ya shiga kaina. Ban taɓa buɗe baki na ce ban iya abu ba. Malam, maigidan nawa, kan kira ni Gimbiya, ni kuwa ina amsawa da gaske (sai daga baya na gane rabin sunan zolaya ce).

Malam akawu ne a ofishin sayen auduga. Mutum ne shiru-shiru, ba ya shan taba, ba ya yawon majalisa. Abu ɗaya ya ɗaure masa zuciya: fayafayan garmaho. Tun shekarar da aka samu mulkin kai, wani mutumin Saliyo da suka yi aiki tare ya bar masa guda goma sha biyu da zai koma ƙasarsu. Daga nan duk sanda ya shiga Kano sai ya bi shagunan Sabon Gari yana tonon tsofaffi, ya dawo da ɗaya ko biyu a hammata kamar ya samo zinariya. Sai da suka cika akwatin katako. Kiɗan baƙaƙen Amurka ne, jaz yake ce masa. Ƙaho ne da ganguna da wani ƙaton molo mai gurnani. Ni dai a kunnena kamar makaɗa ne kowa ya kama gabansa, amma shi sai ya rufe ido yana kaɗa yatsa ɗaya a gwiwa.

Garmahon mai batir ne, yana da hannu da ake ɗorawa a kan faifai, a bakin hannun kuma akwai ɗan kai mai allura, bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Kai biyu gare shi. Ɗaya sabo ne, na fayafayan zamani masu raba kiɗa lasifika biyu. Ɗayan tsoho ne, na murya ɗaya, mono yake kiransa, yana naɗe shi a auduga cikin ɗan gwangwani. Ya ce tsofaffin fayafayan nan da murya ɗaya aka yi su, in ka sa musu sabon kai sai ya kwaso ƙura da ƙarce ya haɗa da kiɗan, tsohon kuwa kiɗan kaɗai yake bi. Duk ranar Juma'a bayan la'asar zai zauna ya cire wancan ya maƙala wannan, yana riƙe numfashi kamar mai cire ƙaya a ido.

Akwai faifan da ya fi so. Kwalinsa shuɗi ne, da hoton wani mutum riƙe da ƙaho, idonsa a rufe. Ni na sa masa suna mai barci, sunan kuma ya zauna har Malam ya ɗauka. Kiɗan a hankali yake tafiya, kamar mai dawowa daga jana'iza.

Doka ɗaya ya kafa mini a zamanmu. "Gimbiya, gidan nan duk naki ne, amma akwatin nan ki bar mini shi." Shi da kansa yake goge su da wani ɗan ƙyalle mai laushi, a bushe, yana riƙe su ta gefe. Ni kuwa ina kallo ina cewa a raina, wannan ai ba wanki ba ne, shafar mai ce. Namiji dai namiji ne.

Sai ciwo ya zo. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, aka kai shi Kano. Ya yi sati uku aka kai ni dubiya. Na same shi ya rame, zoben azurfarsa na yawo a yatsa. Na tambaye shi abin da yake marmari in dafa masa in ya dawo. Ya ce, "Ba abinci ba. In Allah ya mai da ni gida, mai barci nake so in ji. Sau ɗaya ma ya isa."

Na dawo Kazaure da maganar a raina. Na share ɗakinsa, na wanke labule, na yi turare. Sai idona ya faɗa kan akwatin. Na buɗe, na zaro ɗaya, na ga ƙura kwance cikin siraran layukansa. Na ce ashe haka mutumin nan yake jin kiɗa cikin datti shekara da shekaru. Bari ya dawo ya ga aikin mace.

Na fito da su tsakar gida gaba ɗaya, na zare kowanne daga kwalinsa, na jiƙa su a babban daro da ruwan ɗumi. Na kawo toka mai laushi da sabon soso. Ina cikin dirza sai ga Inna Delu, tsohuwar da katangarmu ɗaya, ta shigo aron rariya. Ta tsaya ta yi kallo.

"'Yar nan, kin kuwa tambayi mai su?"

"Inna, mai su yana kwance a Kano. Waya zan buga masa?"

"To ki bari ya dawo mana. Abin Bature ba a yi masa gaggawa."

"Bature ya fi ni sanin wanki ne? Ke dai ki zo ranar da ya dawo, ki ji yadda za su yi ƙara."

Ta ɗauki rariyarta ta fita tana girgiza kai. Ban tsaya nan ba. Duk matar da ta leƙo ranar sai da na gaya mata ina yi wa Malam abin da bai taɓa samu ba.

Takardun da ke manne a tsakiyarsu suka jiƙe suka saɓule, suka yi ta yawo a saman ruwa. Ban damu ba, tunda ni ba karanta su nake yi ba. Na ɗauraye, na kwashe zuwa bayan ɗakina. Akwai wani faffaɗan dutse a can, inda nake shanyar kuɓewa da barkono. Na jera su reras a kai. Tsakiyar bazara ce, irin ranar da ko kaza ba ta taka dutsen nan. Na koma na ɗora tuwo.

Da la'asar na je kwasowa. Wallahi da farko na ɗauka idona ne. Babu ko ɗaya da ke kwance daidai. Wannan ya tashi ta gefe, wancan ya lotsa a tsakiya, wasu sun nannaɗe baki kamar ganyen kabewa da ya sha rana. Baƙin ƙyallinsu ya tafi, sun yi fari-fari da ƙarcen toka. Na zauna a ƙasa a wurin, zanina a cikin ƙura, na daɗe ban motsa ba.

Mace mai hankali da ta aika wa amininsa, Malam Haruna, hedimasta a Babura, wanda suke jin kiɗan tare, ta ce ga abin da ya faru. Ni ban yi ba. Na tara su na danne da buhun gero biyu, kwana huɗu, ina fatan su miƙe. Biyu suka tsage, sauran suka ɗan kwanta kaɗan. Na mai da su kwalayensu yadda hannuna ya kai, don ban san wane ne na wane ba. Na rufe akwatin na shimfiɗa masa sabon ƙyalle mai ado. (Har fure na saka a jikin ƙyallen, ku ji fa.)

Ranar Juma'a aka dawo da shi a motar ofis. Na ɗauka sauƙi ya samu. Ashe likitoci sun gama nasu ne suka ce a kai shi cikin iyalinsa, kowa ya sani ban da ni. Gida ya cika da masu sannu, maza a ɗakinsa da zaure, mata a tsakar gida, Inna Delu a kan tabarmar gaba. Bayan la'asar na ji muryarsa can ƙasa yana cewa, "Haruna, ɗauko gwangwanin nan. Gimbiya, kawo mana mai barci."

Na shiga na durƙusa na buɗe akwatin. Har a lokacin ina da damar magana. Na zaro shuɗin kwalin na miƙa da hannu biyu, bakina kuma, don ya saba, ya ce, "Na ɗan gyara muku su."

Malam Haruna ya riga ya maƙala tsohon kan, ya sa sababbin batir da ya taho da su tun daga Babura. Ya zaro faifan. Ya dube shi, ya juya, ya ɗaga shi saitin taga. Ya dubi Malam.

"Sa shi," in ji Malam.

"Malam, allurar za ta..."

"Sa shi, Haruna."

Faifan ya fara juyawa yana hawa yana sauka kamar kwalekwale. Hannun ya bi shi, ya yi sama ya yi ƙasa. Da farko ƙara ce kamar ana soya ƙosai. Sai wata murya ta fito, ba ma ƙaho ba, wata mace ce da ganguna, tana ja tana saki kamar akuyar da aka shaƙe. Allurar ta yi tsalle ta koma baya, ta sake tsalle ta koma wuri ɗaya. Ko faifan ma ba mai barci ba ne.

Sai na ji wata daga tsakar gida ta ce, "To, wannan ne ƙarar da aka ce mu zo mu ji?" Wata ta ƙyalƙyale, aka yi mata tsawa. Inna Delu ba ta ce uffan ba, kuma shirunta ya fi mini dariyar ciwo.

Malam Haruna ya ɗage hannun da sauri. Ya shiga zaro sauran ɗaya bayan ɗaya, ko zai gane mai barci a cikinsu. Babu takarda, babu alama, duk sun zama abu ɗaya. Ya gwada uku. A na ukun allurar tsohon kan ta karye.

Malam ya juyo da kansa a kan matashi ya dube ni.

"Da me kika wanke?"

"Da toka."

"Kika shanya a ina?"

"A kan dutse."

Ya rufe ido. Na jira faɗa, na ma roƙi Allah ya yi faɗan. Sai na ga kafaɗarsa na rawa, ashe dariya yake yi, marar sauti, har tari ya sarƙe shi aka ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Haruna, ka shaida, duk Kazaure babu mai fayafayai masu tsabta kamar nawa." Mazan suka yi 'yar dariya don su rufa mini asiri. Amma ni ina kusa da shi. Na ga hawayen da ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne, kuma na san ba na tari ba ne.

Washegari Malam Haruna ya hau mota zuwa Kano. Ya yi kwana biyu yana bin shaguna. Ko'ina sai a ce masa an daina kawo irin waɗannan, yanzu zamanin lasifika biyu ne da kaset. Ya samo allura, bai samo faifan ba. Ya bar sallahu wurin wani mai shago ya dawo.

Malam ya kwana goma sha ɗaya a gida. Bai sake ta da maganar ba ko sau ɗaya. Na nemi gafararsa, ya ce, "Don ni kika yi, ai na sani." Wani lokaci da rana in ina yi masa fifita sai in ga yatsansa na motsi a kan bargo, a hankali, yana bin kiɗan da babu shi. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙa a ƙarshen rayuwarsa, kuma da hannuna na hana shi. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Bayan na fita takaba Malam Haruna ya yi sallama a zaure, da wani abu naɗe a jarida. Mai shagon ya samo a kayan wani da ya tashi. Shuɗin kwali, mutumin da ƙahonsa, idonsa a rufe. Ya ce, "Nasa ne, don haka naki ne. A kawo garmahon in sa miki, ko kin iya?"

Bakina ya buɗe zai ce na iya. Shekara nawa ina kallon Malam yana yi. Na haɗiye. Na ce, "Ban iya ba, Malam Haruna. Koya mini."

Sau uku ya nuna mini yadda ake maƙala kan, da yadda ake riƙe faifai ta gefe, da yadda ake sauke hannun ba a sake shi ba. Ya tafi, na zauna ni kaɗai na ji shi daga farko har ƙarshe. Ashe ba kowa ne ya kama gabansa ba. Ƙahon magana yake yi, sauran suna ba shi haƙuri.

Ina da shekara arba'in da biyu na koyi cewa "ban sani ba". Ba ta da nauyi a baki, ni ce dai na tsaya sai da na saye ta da tsada. Yanzu a yini nakan faɗe ta sau goma, har jikokina suna cewa ruɗin tsufa ne ya kama ni. Na bar su a haka.